Falon da Ba a Kwana

Dolgellau, Litinin

Gethin, jikana mai kunnen ƙashi,

Ina gaishe ka, kai da gemun nan naka da ya ƙi cika. Ƙuguna ya yi sauƙi tun faɗuwar da na yi a matakala. Uwarka ce ba ta warke ba, ta rantse sai ta kai ni gidan tsofaffi, inda shayinsu kamar ruwan ɗaurayar kofi.

Na nemi a kafa mini kujerar nan mai hawa da mutum bene. Yarinyar hukumar tsoffin gine-gine ta zo tana shafa matakalar kamar ta sami jariri. Wai katakon tun na attajirin ulun da ya gina gidan ne, duk garin babu mai irin murɗawarta, kuma doka ta kare gidan, ba a huda shi. Na ce, "'Yar nan, ni ma tsohuwa ce, wace doka ta kare ni?" Ta yi dariya, amma ba ta yarda ba.

A nan aka haife ni. Ba inda za ni.

Kakarka,
Nain

Caerdydd, Alhamis

Nain,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Kada ki ji haushi, amma Mama tana da gaskiya. Ɗakin kwananki yana sama, likita kuma ya hana ki hawa. Na je na ga wurin da ta samo, akwai ɗumi, akwai lambu. Gida dutse ne kawai, Nain. Ke ce ba mu da madadinki.

Naki,
Gethin

Dolgellau, Asabar

Ja'iri,

Dutse kawai? Bangon da kaurinsa ya kai ka zauna a taga kana cin burodina, yau shi kake wa rashin kunya?

Na yanke shawara. Ka zo da abokinka mai faɗin ƙirji, ku kwance gadona, don ba zai bi kwanar matakalar a haɗe ba. Falon gaba za ku kai shi. Banɗaki yana bayan kicin, me zan hau nema kuma? Na san falon nan ba a buɗe shi sai fasto ya zo, ko za a shimfiɗe gawa. A nan uwata ta kwanta, a nan kakanka Taid ya kwanta. To, ni zan riga lokacina shiga, in saba da wurin.

Ka zo da yunwarka.

Nain

Caerdydd, Laraba

Nain,

Na dawo lafiya, bayana ne dai bai yafe wa gadonki ba. Mama ta yi kuka da ta ji. Ta ce ba za ki iya rufe ido inda aka shimfiɗe babanta ba. Amma ta yi alkawari: in kin samu barci a falon, ta janye maganar. Yaya daren?

Naki,
Gethin

Dolgellau, Juma'a

Gethin,

Barci? Na ja labule saboda fitilar titi, ban farka ba sai da rana ta take. Na manta abin da labulen falon nan a rufe da rana yake gaya wa unguwa: an yi rasuwa a gidan.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni. Na buɗe da rigar barci, sai ga maƙwabciyata Menna cikin baƙaƙen kaya, riƙe da kek ɗin ta'aziyya, fasto a bayanta ya cire hula. Ta ja da baya har ta taka masa ƙafa.

"Eluned! Ba ki mutu ba?"

Na ce, "Haba Menna, da na mutu ai ke zan fara gaya wa, kada wata ta riga ki yaɗawa."

Ka gaya wa uwarka unguwa guda ce shaidata, har da fasto. Ta cika alkawari, ta kuma zo Lahadi mu ci kek ɗin rasuwata. Menna ta so ta koma da abinta, na ce abin da aka kawo wa mamaci ba ya komawa.

Kakarka mai rai,
Nain