Wanda Ya Buɗe Kwamfutata

Alhamis, 9 ga Mayu

Kwamfuta ta ƙi tashi. Na danna maɓalli sau uku, shiru. Fanka ba ta motsa ba, 'yar fitilar gaban ma ba ta kama ba. Shekara goma sha ɗaya tana kan teburin nan, ba ta taɓa yi mini haka ba.

Gyaran bai dame ni ba. Shekara talatin na yi ina gyaran irinta kafin in yi ritaya. 'Yata Auta ce damuwata. Asabar ta sama za ta zo, kuma da ta ajiye jaka kwamfutar take nufa, ta duba jadawalin shan maganin da ta tsara mini a ciki, ta ga ko ina cikewa. Tun da na bar buta a kan gas watan jiya har gindinta ya ƙone take sa mini ido. Ta faɗa mini ba wasa a fuskarta: "Baba, in aka sake irin wannan, gidana za ka koma." Har ɗaki ta gyara, wai kusa da banɗaki. Ni da gidana, inda uwarsu ta cika! Ba inda za ni.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na bi abin daki-daki, yadda na koya wa mutane da dama. Na jona rediyo a soket ɗin, ta yi magana, ke nan akwai wuta. Na canja wayar wutar da ta firinta. Na duba fiyus da mita, lafiyarsa lau. Makunnin da ke bayan akwatin yana kunne. Na kashe, na kunna, na danna maɓalli. Shiru.

Saura in buɗe ta. Na ɗauko sukudireba, na mayar. Gobe.

Asabar, 11 ga Mayu

Da na juyo da akwatin, sai na ga noti ɗaya ne a murfin maimakon biyu. Ɗayan ma ba a ɗaure shi sosai ba. An buɗe ta!

Ni kaɗai nake kwana a gidan nan. Na zaga na duba tagogi da ƙofar baya, komai a rufe. Ba abin da ya ɓata, agogona na nan, rediyo na nan. Wane irin ɓarawo ne zai kwance noti ya tafi?

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban taɓa ta ba yau. Ina wucewa ta gabanta kamar mai wuce kare.

Litinin, 13 ga Mayu

Na kira Dogo, abokin aikina na dā, tun da shi kaɗai ke shigo mini. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce, "Kai ka taɓa mini kwamfuta?"

Ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi. "Ni? Ina ni ina kayan Oga? Ai kai ka buɗe ta ranar Talata, ina zaune ina shan shayinka."

Na ce ƙarya yake, tsufa ya fara cin kansa. Ya ce wai na ce tana warin ƙuna, har na sa shi ya sunkuya ya shinshina. Na ce ya je ya shinshina kansa. Daga nan dariyar ta ɗauke, ya ce a hankali, "Oga, da gaske ba ka tuna ba?" Na kashe waya.

Na buɗe littafin nan na duba baya. Akwai Litinin 6, akwai Laraba 8. Babu Talata.

Talata, 14 ga Mayu

Na buɗe ta da safe, bayan na sha magani.

Babbar wayar da ke kai wuta daga fawa, wato na'urar da ke rarraba wuta, zuwa babban allon cikinta a cire take. Ba ficewa ta yi ba, cire ta aka yi, aka naɗe ta da kyau, aka ɗaure. A jikin fawar an manna farin salatif, irin yadda muke yi a wurin aiki idan mun cire abu mai haɗari, don kada wani ya zo ya jona. An rubuta: "Kada a jona. Fawa tana ƙuna. 7 ga Mayu." A ƙasa ga sa hannu.

Rubutuna ne. Bakwai ɗina ce mai sanda a tsakiya. Sa hannuna ne.

Innalillahi. Na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba. Na matse kaina in tuno ko da warin ne, ko kofin shayin Dogo, ko rigar da na sa ranar. Babu komai, wallahi babu. Ranar buta aƙalla na san na ɗora ta, mantawa na yi da ita. Wannan kuwa yini guda ne cur aka ɗauke mini.

Aikin kuma mai kyau ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mutumin da ya yi shi ya san abin da yake yi. Da bai cire wayar nan ba, da ni da na zo bayansa ina ta danne-danne na tayar da gobara a ɗakin.

Ina jin tsoro. Na rubuta, tun da ba mai gani.

Laraba, 15 ga Mayu

Na sayo sabuwar fawa. A hanyar dawowa ina ta karanta allunan shaguna ina faɗin na gaba kafin in kai, in ga ko zan ci. Na ci duka. To me ke nan?

Dogo ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na sa fawar, na jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na danna. Fanka ta juya, ta yi 'yar ƙararta, allo ya kawo. Minti ashirin. Hannun nan bai manta komai ba.

Na buɗe jadawalin. Gurbin ranar Talatar nan a wofi yake, ban san ko na sha maganin ba. Sauran kwanakin da take a mace na san na sha, na cike su. Na kai kan Talata, na tsaya. Danna ɗaya ne, Auta ba za ta taɓa sani ba. Tsohuwar fawar kuma in jefa ta a shara, in roƙi Dogo ya ja bakinsa, shi ke nan.

Na bar gurbin tukuna. Sau huɗu na duba gas yau.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na kai tsohuwar fawar har bakin kwandon shara, na dawo da ita. In wani yinin ya sake ɓacewa, kuma ban manna wa kaina takarda ba fa?

Na kira Dogo na ba shi haƙuri. Ya ce, "Bari, Oga, shekara nawa kana zagina." Muryarsa ba daidai take ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Auta ta zo. Ta ajiye jaka, ta nufi tebur. Tsohuwar fawar tana gefen kwamfutar, na juyo da rubutun waje. Ba don ta gani ba, wurin ajiyewa ne na rasa.

Ta karanta. Ta dubi jadawalin, ta ga gurbin. Na ce mata Dogo ya ce ni na yi, ni kuwa ban san an yi ba. Na jira ta tayar da maganar ɗakin nan nata. Ba ta tayar ba. Ta zauna a hannun kujerata, ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Idonta ya yi ja.

Za mu je asibiti ranar Litinin da ƙarfe tara. Na ce mata idanuna kawai za a duba, sun fara yi mini hazo. Ta ce, "To, Baba, idanu." Ta ɗauki makullin gida na biyu, ban hana ta ba, ai nauyi yake yi mini a aljihu.

Da za ta tafi na raka ta har bakin mota. Na ce kada ta jira ni a asibitin, ta biyo nan ta ɗauke ni da kanta. Ko da kuwa ranar na ce mata ban san zancen ba.