Zagayen Kwarin Doguwa

Tudun Gawo, Litinin

Ƙanwata Asiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ke da mutanen biro, abokan aikinki. Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, hatsi ya kai ƙugu. Rezo na kiran waya sai an hau tudu ake samun ɗan kaɗan, shi ya sa na ba mai taksi takarda.

Matata Rahina ta shiga watanta. Ungozoma ta ce ɗan a gicciye yake, in naƙuda ta tashi dole motar likita ta zo daga Dogon Dutsi. Ga abin da ya dame ni. Jiya wani baƙo ya faɗa Kwarin Doguwa da babur, da ƙyar munka jawo shi. Wai wayarshi ta ce ya miƙe. Ke kin sani, tun kakanni ba a ratsa kwarin nan da damina, ta bayan babban gawo ake zagayawa. Ba ke ce mai tsaron taswirar motar likita ba? Sabon shofer ɗinku Munkaila, mai tuƙa motar, baƙo ne, in ba waya bai san gabas ba.

Ki duba don Allah. Ki gaida kowa.
Yayanki, Mani

Dogon Dutsi, Talata

Yaya Mani,

Na amsa gaisuwa, ina gaida Rahina da jiki. Na duba, kuma gaskiyarka. Taswirar nan buɗaɗɗiya ce, kowa na iya gyara ta. Abokin aikina Bilal ne ya dubi hoton sama da aka ɗauka da rani, ya ga kwari fari tas, ya goge zagayen, ya ja layi miƙe. Wai shi ba ya lanƙwasa hanya don iskoki. Na ce masa, Malam Bilal, bar batun doguwa, lakar wurin nan ta haɗiye saniyar babanmu ina kallo. Ya ba da haƙuri.

Muna da babbar na'ura mai zaɓa wa shofer hanya, kowace safiya tana kwaso sababbin gyare-gyare daga taswira. Na tsayar da kwason nan take, kada wata ɓarna ta sake shigowa. Sannan na mayar da zagayen a taswira da hannuna, na kuma gaya wa Munkaila an gyara. Ka daina tsoro, Yaya, kai da ka iya kama bijimi.

A huta lafiya.
Ƙanwarka, Asiya

Tudun Gawo, Alhamis

Asiya,

Gaisuwa da godiya. Amma hankalina bai kwanta ba. Jiya Munkaila ya zo ɗaukar wata tsohuwa, kuma ta tsakiyar kwari ya biyo. Ya hita don kwana ukku ba a yi ruwa ba. Na ce mishi ya riƙa zagayawa, ya ce hatsi ya ruhe ko'ina, shi bai ga mararraba ba, kuma Asiya da bakinta ta ce an gyara, abin da waya ta nuna shi za shi bi. Na so in kai shi in gwada mishi wurin, ya ce yana sauri.

Ƙafafun Rahina sun kumbura. Hadari na ta taruwa gabas, baƙi ƙirin, har tsuntsaye sun yi tsit. Tsoro nike ji, ƙanwata, ba ni ɓoye miki.

Allah shi tsare.
Mani

Dogon Dutsi, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Laifina ne. Lokacin da na tsayar da na'ura, ta riga ta kwashi layin Bilal. Gyarana yana can a taswira, kwana uku bai shigo ba, don ni na rufe masa ƙofa. Na sake ta yanzu, amma sai ta yi awa shida kafin ta sake tsara hanyoyin.

Takardarka ta same ni da azahar. An ce Munkaila ya fita tun sha biyu, kira ya zo daga Tudun Gawo. Wayarsa ba ta shiga, taka ma haka, ga ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Na bi tasha, babu mai babur da ya yarda ya fita. Wa aka kira wa mota, Yaya? Ka ce mini ba Rahina ba ce.

Ka yafe mini.
Asiya

Dogon Kiriya, Asabar

Asiya,

Rahina ce. Mota na cikin kwari har gilashi, Munkaila ya hito da ranshi. Da munka gaji da jira munka ɗora ta amalanke, munka zagaya ta bayan gawo zuwa asibitin nan na Dogon Kiriya. Ɗan namiji ne, bai rayu ba. Mun ruhe shi da hantsi. Rahina na numfashi, ba ta buɗe ido ba tukuna.

Munkaila ya gwada min wayarshi ɗazu. Hanya ta gyaru, tana zagayawa.

Ki zo.
Mani