Rigar Kakin Da Ban Ƙona Ba

Assalamu alaikum, Baba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ko da kana raye ba na iya ɗaga kai in yi maka doguwar magana, don haka gara in rubuta.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Rigar kakin da ka sa ranar da injin masaƙa ya cinye maka hannun dama, wadda suka ba mu a leda daga asibiti, Inna ta ce in ƙona ta, ba za ta iya kallonta ba. Ban ƙona ba. Tana ƙasan akwatina, da jininka a jiki.

Ga labarin gida. Ka tuna kotu ta ce laifin kamfani ne, tunda foman ne ya sa aka cire murfin injin don aiki ya yi sauri? Ka tuna sun ɗaukaka ƙara, kana jira har ciwon ya tafi da kai? To, yanzu an ce a sake shari'ar daga farko. Sai suka zo da sabuwar magana. Wai ranar Juma'a ce, wai kaftani mai faɗin hannu ka shiga aiki da shi don ka wuce masallaci, shi injin ya kama. Wai gangancinka ne.

Baba, ni na goge kaftanin nan! Ina riƙe da shi da kwanon abincinka a bakin get ɗin kamfanin a Kakuri, yadda na saba kowace Juma'a, aka fito da kai a guje. Me ya sa ba su faɗi haka kana da rai ba? Sai da suka tabbatar ba ka da bakin amsawa?

Baba Yohanna, abokin aikinka da kuke cin tuwo kwano ɗaya, yanzu ya ce bai tuna abin da ka sa ba. Ana rage ma'aikata, na sani. Duk da haka ban gaishe shi ba da muka haɗu a unguwar Television. Kawu Sale kuma kullum sai ya ce wa Inna ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara ce ta kwance murfin injin? Ƙaddara ce take yi maka ƙarya?

Kai ne ka dangwala ƙuri'a da hannun hagu, kana cewa soja sun tafi, talaka zai samu haƙƙinsa. Na ji haushinka ranar. Har yau ina jin haushi, amma ba naka ba.

Rigar kakin nan mai gajeren hannu ce, Baba, da lambarka ta aiki a aljihu. Gobe zan kai wa lauyan ƙungiyar ma'aikata. In ya ce in tsaya gaban alƙali, zan tsaya, ko muryata tana rawa. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Allah Ya kai haske kabarinka.

'Yarka da ka ce ba ta da baki,
Rabi, Makera