Dalolinka Suna Nan, Baba

Assalamu alaikum Baba, Malam Umaru mai albasa na Shagari. Gaisuwa da ban girma daga 'yarka Hajara, wadda har yau ake ce wa mai taurin kai.

Na rubuto ne a kan dalolinka na azurfa, tsofaffin nan na Amurka masu hoton mace da mikiya. Shekara talatin ka yi kana tsinto su a kasuwar Bodinga, a hannun tsofaffin sojoji da alhazan ƙafa. Guda tara ka bari a tsumma. Kullum kana ce mini, “Kak ki wanke su, ɗiyata, baƙin ga shi na shekarunsu.”

Ka rasu a shekarar da sojoji suka kori farar hula. Fari ya cinye gero, mutane suna wuni a layi saboda sabulu da shinkafa. Ban iso daga Kajiji ba sai da ƙanenka Baffa Isa ya kira maƙeri da sikelinsa, wai a narka su a yi mundaye a sayar. Don su yi nauyi a ido, ya sa aka dirje uku da toka da tsamiya har fuskar matar ta shafe. Yana ta murna wai ya gyara kaya.

Baba, ranar na ajiye kunya. A gaban malamin da ke rabon gado na ce a riƙe rabona na fadama, a ba ni shidan da suka rage. Gari ya ɗauka, wai na sayar da abinci na sayi ƙarfe. Damina biyu ina ciyar da 'ya'yana tafasa da garin rogo. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma ban kwance tsumman ba.

Yanzu jikokinka sun gani a waya cewa guda ɗaya tana iya sayen gida a Sakkwato. Zuriyar masu yi mini dariya sai durƙuso suke har ƙasa. Makon jiya jikokin naka suka kawo mini wani mai saye daga Legas. Na nuna masa, don ba ni da rowar kallo. Sai da ya sa safar hannu, sannan ya ɗaga ɗaya ta gefenta yana riƙe numfashi. Tun rasuwarka ban ga wanda ya girmama su haka ba, sai hawaye ya zubo mini.

Yaran suka zaci na sauko. Na ba baƙon fura, na naɗe kayana, na ce ya gai da gida. Abin da yunwa ta kasa ƙwata a hannuna, kwaɗayi ba zai ƙwace ba. Su yi ta fushi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe wa Baffa, ni kuma Ya ba ni magaji mai irin kaina.

'Yarka,
Hajara