Kilo Tara da Na Ɓoye a Motar Auta

Malam, don girman Allah a taimaka mini da shawara, kuma a gaggauta, domin ranar Litinin mai zuwa nake gudu. Na tafka aika-aika da hannuna, 'yata kuma tana shirin ɗaukar laifin a kanta.

Ni mai walda ne, shekara talatin da ɗaya ina ƙona idona a bakin titi. Karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, shi ma rabinsa a tsaye na yi shi a bayan aji, hannu a sama. Wannan wasiƙar sau uku ina sake ta. In ka ga wata kalma ta karkace ka miƙar da ita, ni ƙarfe kawai na iya miƙarwa.

'Ya'yana huɗu. Ta ƙarshen, Auta, ita Allah ya juye wa duk ƙwaƙwalwar da ya hana ni. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniya. Tun bara ita da abokan karatunta, su wajen ashirin, suke haɗa wata 'yar motar tsere da za su kai gasar jami'o'i. Mota ce mai kujera ɗaya, ba ƙofa, ba rufi, ba wurin ajiye cefane. Ranar da na fara ganin zanenta na tambayi inda fasinja zai zauna, Auta ta yi dariya har da hawaye. An raba musu aiki, akwai masu inji, masu birki, masu taya. Auta ce shugabar masu firam, wato kwarangwal ɗin bututun ƙarfe da direba ke zama a cikinsa. Kuma da yake ta fi kowa ƙanƙanta, ita aka zaɓa ta tuƙa.

Yaran nan, Malam, nauyi ne abokin gabarsu. Sai su kwashe sati suna gardama a kan noti ɗaya, wai ya yi ƙiba. Ni kuwa a sana'ata nauyi shi ne shaidar aikin kirki. Mutum in ya zo karɓar ƙofa, ɗagawa yake fara yi. In ta gagare shi, ya tafi yana sa mini albarka.

Da lokacin haɗa firam ya yi, Auta ta tashi a gaban malaminsu da abokanta ta ce a kai wa babanta, duk garin ba wanda ya fi shi hannu a ƙarfe siriri. Da labari ya iso ni kaina ya kumbura, hula ta kusa ƙin zama. Suka kawo bututun shagona da zane shafi goma sha biyu. Ita da kanta ta auna kowane bututu, ta rubuta masa lamba da maka, biron nan mai kaurin baki.

Na ɗauki ɗaya, sai na ji kamar ban ɗauki komai ba. Kaurin bangonsa milimita ɗaya da 'yan kai. Ni ko gadon jariri ba na yi da irin wannan. Na dubi bututun, na dubi yarinyar da har yanzu uwarta ke bi da rigar sanyi. Na ce mata ƙarfen nan ya yi siriri da yawa. Ta yi mini bayani cewa ƙarfin ba a kauri yake ba, yana cikin yadda aka jera bututun kusurwa uku-uku, kuma sun gwada a kwamfuta sau ba adadi. Na yi ta gyaɗa kai kamar wani farfesa. Gaskiya ban gane komai ba, kunya ce ta hana ni cewa ta maimaita a gaban samarin.

Satin suna jarrabawa, ba wanda ya leƙo shago. Sai na yi dabarar da duk mai walda ya sani. Na je kasuwar ƙarfe na samo bututu mai faɗi iri ɗaya da nasu daga waje, amma bangonsa milimita biyu cur. Duk inda ya kewaye direba na sa nawa: gefe da gefe, gaban ƙafafu, ƙasan kujera. Na kwafi lambobinta da irin makarta, har da yadda take lanƙwasa bakwai. Bakin kowane bututu a toshe yake da walda, ba mai ganin ciki. Nata kuma na ɗaure su da waya na tura saman silin ɗin shago. Wallahi a lokacin ji nake na yi abin da ya dace da uba. Har fito nake yi ina aiki.

Ranar da suka zo ɗauka wani dogo a cikinsu ya ce kamar ya yi nauyi. Na ce ai shi ne bai karya kumallo ba, aka yi dariya, aka wuce. Lokaci ya ƙure musu, daga shagona wurin fenti suka nufa, daga can aka hau ɗaura inji da taya.

Sai ranar awo. Aka gayyace ni ɗakin aikinsu a jami'a, aka ba ni kujera a gaba, har da ruwan gora. Suka ɗora motar a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata. Lamba ta fito, ta ɗara lissafinsu da kilo tara. Saura kaɗan in tafa saboda sabo. Da na ga fuskokinsu sai na mayar da hannuna aljihu.

Kwana shida suka yi suna kwance motar, suna auna komai ɗaya bayan ɗaya. Inji daidai, birki daidai, taya daidai. Ya rage firam, aikin Auta. Ta sake lissafinta sau huɗu, amsa ɗaya take samu, sikeli kuma ya ƙi yarda. Shugaban masu birki, wani yaro mai gilashi, ya kawo shawara a huda bututu ɗaya a duba kaurinsa. Auta ta hau shi da faɗa, ta ce ita ta auna bututun da hannunta, kuma wannan magana daidai take da kiran ubanta macuci. Tun ranar ba sa ga maciji da juna. Yaron nan gaskiya ya faɗa, Malam, ni ne shaida.

Yanzu ta rage cin abinci, wai ko za ta sauke wa motar kilo biyu daga jikinta. Ni da na ƙara tara ina zaune kusa da ita da cikakken faranti, sai in ture shi gefe ban cinye ba. Maiɗakina ta fara yi mini wani irin kallo, don shekara talatin ba ta taɓa ganin na bar saura ba. Ita ce ma ta gaya mini cewa ranar Litinin Auta za ta je wurin malaminsu ta ce kuskuren nata ne, ta sauka daga shugabancin, ta bar tuƙin. Ta kuma ce wa uwar tata wataƙila dama kanta bai kai na injiniya ba. Wannan maganar ita ta sa na nemi biro.

Sau biyu ina niyyar faɗa mata. Na farko na buɗe baki sai na ji ina tambayarta ko motar tana da rediyo. Na biyu na ba ta labarin wani kwastoma. Bakina in ya ji tsoro barkwanci yake fitarwa, haka aka halicce shi. Ga shi na ji ana cewa a wurin gasar alƙalai suna duba kaurin bututu su gwada da abin da ke takarda, saura sati biyar.

Zan faɗa maka har abin da ban so faɗa ba. Wata zuciyar har yanzu tana ce mini bututuna ya fi, kilo tara ba a bakin ƙafafun 'yata yake ba. Wata tana cewa in ɗora wa mai sayar da ƙarfe. Akwai kuma wata, mafi muni, da ke cewa in yi gum, in ta sauka ai shi ke nan, ba za ta shiga motar ba, ni ma in huta da fargaba. To Malam, wacce zan bi? In na faɗa, da wane ido yarinyar da ta tsaya mini a gaban mutane za ta dube ni?

Naka,
Mai Walda, uban injiniya

AMSA

Malam Mai Walda, na gode da wasiƙarka. Ban miƙar da ko kalma ɗaya ba. Na yi dariya a farkonta, daga wurin sikeli kuma dariyar ta ɗauke.

Tsoronka ba abin kunya ba ne. Duk uban da aka miƙa wa ƙarfe marar nauyi aka ce 'yarsa za ta yi gudu a cikinsa, gabansa zai faɗi, balle kai da hannunka ya san ƙarfe shekara talatin. Ba wanda zai ce mugunta ta sa ka. Amma ka dubi wanda ke biyan wannan tsoron yanzu. Auta tana da lissafi mai kyau, ka sa ta daina yarda da shi. Ta yi faɗa da abokin aikinta a kan gaskiyar da ya faɗa. Tana hana kanta abinci. In ka yi shiru har Litinin, gasar ce ƙaramar asara. Babbar ita ce za ta fita jami'a tana ganin kanta bai kai ba, alhali ya kai.

Batun cewa bututunka ya fi, na tambayi wani injiniya da na sani. Ya ce kauri kaɗai ba ya tabbatar da aminci. Sai an san irin ƙarfen, kuma na kasuwa sau da yawa ba a san asalinsa ba. Nauyin da aka ƙara a wuri ɗaya kuma yana canza yadda mota ke shan kwana da tsayawa. Mai yiwuwa firam ɗin ya yi amfani a haka in an gyara takardu, mai yiwuwa sai an sake. Ni da kai ba mu san wannan ba. Malaminsu da ɗaliban ne za su iya yanke hukunci, su ma sai sun san abin da ke cikinsa. A yau duk wanda zai zauna a motar nan, ko Auta ko ɗan wani, zai zauna ne a cikin abin da kai kaɗai ka san sirrinsa. Mai sayar da ƙarfe kuwa ka bar shi ya ci kasuwarsa, bai yi maka komai ba.

Ka faɗa mata gobe, ku biyu kawai. Kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce lissafinta daidai ne, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ka faɗi abin da ka yi da dalilinka. In ka ji barkwanci na tasowa, ka haɗiye shi, ka yi shiru har ya wuce. Za ta yi fushi, tana da haƙƙi. Wataƙila ta yi kwanaki ba ta kula ka. Kada ka tura mahaifiyarta roƙo, amma ita ma ka gaya mata a ranar, don ta ji daga bakinka.

Bayan haka ka sauko da bututun da ke saman silin, ka ɗauki zanen ka yi alama a kan duk wanda ka canza. In Auta ta amince, ka je ɗakin aikin da ƙafarka ka yi bayani a gaban malaminsu da ɗaliban, don kada a bar ta da wannan nauyin ita kaɗai. Ka nemi yaron mai gilashi ka ba shi haƙuri. Ka ce a shirye kake ka sake aikin a gaban idonsu. In sun ce sun gode, wani za su ba, ka karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Sati biyar na iya isa in an fara yanzu.

Ka yi ta ambaton ƙarancin karatunka, ni kuwa ban ga inda ya cuce ka ba. Gyaɗa kan nan da ka yi ba ka gane ba, shi ya jawo duk wannan. Idan ƙura ta lafa, ka ce mata kana jin tsoron tuƙin nan, a fili haka. Ka roƙe ta ta sake yi maka bayanin, ko sau goma ne, ta nuna maka gwajin da suke yi wa ƙarfen da idonka. Injiniyar da ta iya gamsar da mai walda mai taurin kai ta iya gamsar da alƙalan gasa.

Ka tambaye ni da wane ido za ta dube ka. Na 'yan kwanaki, da idon wadda aka ɓata wa rai. Wannan yana warkewa in daga bakinka ta ji. In kuwa wani baƙo ne ya gano mata a filin gasa, a gaban abokanta, ban san ranar warkewarsa ba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya gobe, ya sanyaya tata, ya kai su gasar lafiya ya dawo da su lafiya.