Ni Na Haife Ta, Ba Ƙanena Ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi wa ɗiyata aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni tsohon malamin firamare ne mazaunin Anka. Mai ɗakina ta rasu, idona ya yi rauni, ba na tafiya sai da sanda. Ban yi farin cikin kai kukana bainar jama'a ta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ba, amma sau biyu ina zuwa ofishinka ana cewa kana ɗakin tiyata.

Bayan Babbar Sallah aka kwantar da ɗiyata ta fari a wurinku. Hoton ciki ya nuna ƙari mai ruwa a inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Kafin wannan an taɓa yanka cikinta sau uku: biyu wajen haihuwa a lokacin mijinta na raye, ɗaya na afendis. Na ji cewa hanjinta ya manne da tsohon tabo, shi ya sa aikin ya daɗe. Kun cire ƙarin, ta tashi. Allah Ya saka. Kukana daban ne.

Na ɗaya. Ranar aikin na hau kabu-kabu na zo, mai gadin ɗakin mata ya tambaye ni mene ne haɗina da majinyaciyar. Ranka ya daɗe, mu a zamaninmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna shi a gaban mutane ya ce nawa ne. Tun da aka yaye ta aka ba ƙanena Mamman na Gummi riƙonta, kamar yadda aka saba. Sai na ce masa yarinyar gidanmu ce. Ya ce ai babanta na ciki, maƙwabta su jira lokacin ziyara. Na wuni a gindin dogon yaro. Mai gadin nan Bahaushe ne, ya ga furfurata. Da ya ƙara tambaya ɗaya, da ya gane.

Na biyu. Da aka nemi jini na miƙa hannuna, aka ce na tsufa. Na yarda. Amma aka ɗibi na 'ya'yan Mamman, yanzu duk wanda ya je dubiya sai an ba shi labarin jinin gidansu ne ke jikinta. To, wanda ke jikinta tun farko na wane ne?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Da aka fito da abin da aka cire a cikin kwano, Mamman aka kira aka nuna wa. Shi likita ya zaunar a kujera ya yi wa bayani: kada ta ɗauki bokiti, kada ta yi daka, a lura da ɗinkin saboda fatar wurin ta sha wuƙa. Ɗan Mamman ya ɗauki hoton ƙarin a waya, rabin Gummi sun gani, har dangin mijinta na Bukkuyum. Ni ban gani ba. A bakin mai shayi na ji girmansa.

Ba na musun Mamman ya ci da ita, ya tufatar, ya aurar. Amma shi yana da 'ya'ya cike da gida, ga ƙarfi, ga mota. Ni ita kaɗai ta rage mini. Da aka sallame ta, gidansa aka wuce da ita jinya. An ce ɗinkin ya ɗan yi ruwa, da ta farka da zazzaɓi Baba ta kira, shi kuma ya amsa. Ban yi barcin kirki ba tun da na ji. Ba na jin kunyar cewa kishi nake yi.

Ga roƙona. A koya wa masu gadi cewa tsoho in ya tsaya a ƙofar ɗakin mata yana kame-kamen magana, a tambaye shi a hankali. Akwai irina da yawa. Sannan an ce za ta dawo ku duba ɗinkin bayan watan nan ya mutu. Zan zo. Ina roƙon a sa kujera biyu. Ban ce a kori Mamman ba, amma a fara yi mini bayani, ko da abin da aka riga aka faɗa masa ne.

Don kada mai gadi ya sake ruɗewa: sunanta Rakiya. Ni na zaɓa mata shi, ni na yanka ragon, kuma tun ranar ban furta shi ba. Yau ga shi hannuna ya rubuta. Ina ta gwada shi a ɗaki ni kaɗai, don bakina ya saba kafin ranar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a hannunka, Ya ba ka 'ya'yan da za su kira ka ka amsa.

Wassalam.

Malam Bawa, mahaifin Rakiya,
Anka.