Dariyar Uwarku Tana Gidan Rediyo

Ni ne ubanku, mai ganga. Da hankalina nake rubuta wannan, ba zazzaɓi ke magana ba. Ƙirjin nan ya ƙi, kuma likita ya daina kallon idona in yana min bayani, to na gane. Ke Tsuntsuwa shekararki biyar da rabi, kai Auta ba ka daɗe da fara gudu ba. Ba ku iya karatu ba, ni ma aji biyu na yi. In kun ga harafi ya juya baya, ku yi haƙuri. Kawunku, yayan uwarku, shi zai riƙe ku, shi zai ajiye takardar nan.

Na ɗaya. Gangar ta Auta ce. Kada a jingina ta da bangon bayan ƙofa, yana tsatsafo, fata ba ta son laima. In ya girma bai son kiɗa, kada a tilasta shi. Tsuntsuwa, ƙaramin rediyon naki ne. Eriyarsa ta karye, sai kin ɗaura masa cokali sannan yake kamawa.

Na biyu. Rigar ƙungiya mai ƙyalli da ke rataye a ƙusa ba tawa ba ce. A wanke ta a mayar wa Shugaba, mai ƙungiyar kiɗan da ta ɗauke mu aiki ni da uwarku. Shekara biyu ba ta cika ba da muka zo garin nan, har yau ban gane kansa ba. A can gida in na buga ganga, na san kakan duk wanda ke rawa. A nan sai a haska maka fitila a ido, ka ji ƙafafun mutum ɗari biyar, ba ka ga fuskar kowa ba.

Na uku, kuma saboda shi na nemi biro. Akwai waƙar da ake kira "Taka a Hankali". In kun girma za ku ji ana cewa ta Shugaba ce, ta rawa ce. Ta barcinka ce, Auta. Uwarku ta ƙirƙiro ta a ɗakin nan tana jijjiga ka, saboda masu hawa bene suna tashe ka da takalmi. Shugaba ya zo nemana, ya ji waƙar daga tsakar gida. Ya sa mata jita da ƙaho, ya ce in ninka saurin gangar. Na ce waƙar da ke cewa a taka a hankali, ya za a yi ta da gudu? Ya ce ni baƙauye ne, in buga kawai.

Aka kai mu gidan rediyo, wani ɗaki mai katifa a bango, ba taga. Uwarku ta shiga da kai a goye don ba mai riƙe ka. Tana tsakiyar baiti na biyu ka yi atishawa, ita kuma dariya ta ƙwace mata. Na ɗauka za a sake, sai mai ɗaukar sauti ya ce a bar shi, nan ne gishirin. Wata huɗu bayan nan ta rasu.

Abin da ya fi ƙarfin kaina shi ne, duk Asabar sai na buga waƙar, wata ce ke rera ta. In an zo wurin atishawar, filin gaba ɗaya sai ya yi atishawa, ya kwashe da dariya irin tata. Ba mugunta suke yi ba, na sani. Amma ni ke buga musu gangar. Wata rana na jefar da sandar ganga, ta sami Shugaba a goshi a gaban jama'a, na sauka na tafi.

Na huɗu. Muryarta wuri ɗaya take a duniya, a kan wani faifan zare a gidan rediyon. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Dokarsu kuwa, waƙar da ta yi sati huɗu ba wanda ya nema a shirin gaishe-gaishe, sai su goge faifan su ɗora labarai a kai. Sabbin waƙoƙi sun fito, mutane sun daina nema. Shi ne na shiga sayen katin gaisuwa, ina aikawa duk sati da sunan wani. Yau ni tela ne, gobe direba, wata rana har amarya na zama. Da katin nan na koyi ɗan rubutun da kuke gani.

Ashe matar da ke gabatar da shirin, wadda ake ce wa Mai Murya, ta daɗe da ganewa. Da na je, ta ce min tela da direba da amarya duk harafinsu ɗaya ke juya baya. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ta ce in ci gaba, ita kati take karantawa, ba fuska ba. Ku girmama ta kamar goggonku. Ta so ta juye min waƙar a kaset, amma sunan Shugaba ke kan faifan, sai ya sa hannu. Sau biyu na je ƙofarsa na juyo, girman kai ya hana ni.

Na biyar, wannan naka ne, Yaya. Na san ka ce ni na kwaso ƙanwarka na tsayar da ita gaban mutane har ido ya cinye ta. Na san ka ce ba a kunna waƙar a gidanka. Ban ja da kai ba, wataƙila da mun zauna gida da tana nan. Ka riƙe fushinka da ni, na cancanta, amma kada yaran nan su biya. In ka kai wa Shugaba rigarsa, ka ce masa na ce ya yafe min goshinsa, ya sa hannu. In ya ƙi, kada ka yi faɗa da shi, sai a ci gaba da kati. Kuma ranar Lahadi da la'asar, lokacin shirin gaishe-gaishe, ko da za ka fita ka bar gidan, ka bar su su ɗaura cokalin.

Na shida. A gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gado akwai kati talatin da ɗaya. Talatin na riga na cike su. Ɗaya duk sati, a jefa a akwatin bakin ƙofar gidan rediyo kafin Alhamis. Kada a jefa biyu don ɗoki. Na lissafa da yatsu, kafin su ƙare, Tsuntsuwa, kin yi wata bakwai a makaranta in kawunku ya sa ki yanzu.

Ku biyun kada ku yarda a raba ku, a ce wannan ya tafi wurin wane, wannan wurin wance. Rediyon ɗaya ne, kunne biyu yake so. Tsuntsuwa, ke kin san fuskarta, ki riƙa faɗa wa ƙaninki. Auta, in ka ji atishawar nan, kai ne, kuma kai take wa dariya. In ƙafarku ta motsa ku yi rawa abinku, ni ne na kasa, ita kuwa da tana nan da ta so.

Allah ya raya ku, ya haɗa kanku, ya sanyaya zuciyar kawunku, ya jiƙan uwarku.

Kati na talatin da ɗaya ban rubuta komai a kai ba. Naki ne, Tsuntsuwa. Kada ki ari sunan kowa. Ki sa naki da na ƙaninki, ki ce kuna gaida uwarku.